Kafin ku biya kuɗin salula a kanti

Jama'a, in kun shiga kanti a Maraɗi ko Damagaram sayen salula, kada kyan kwali ya ruɗe ku. Ku ce a kunna ta gabanku, ku danna *#06#. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI. Waya mai layi biyu kuwa, biyu za ku gani. Ku gwada da ta jikin kwalin. In sun saɓa, kwalin ba nata ba ne, mu dai mun ce a bar ta, ko an rage jika biyar.

Ƴan uwa na ƙetare masu aiko kuɗi, ku faɗa wa mai sayo muku ya sa a rubuta lambar da kwanan wata a takardar saye. Ran da wayar ta ƙi caji, takardar za a nuna wa mai kanti.