Shiri na Musamman: Komawa Ɗan Koyo Bayan An Girma

Shirinmu na yau zai duba wani abu da yara suka fi manya iyawa, wato fara abin da ba su sani ba, ba tare da jin kunya ba.

Yaro idan ya tsinci karan dawa ba ya tambayar kowa ko ya iya ƙera mota. Sai ya hau feraya yana sossokawa, in ta wargaje ya sake. Babba kuwa, tun kafin ya taɓa buroshin fenti ko allurar saƙa, tunaninsa shi ne me mutane za su ce. Ana yawan faɗin gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemun ne kan hana kansa, don gudun kada girma ya faɗi.

To, ku ɗauko takardar naira 20, ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa a garin Kwali, a ƙasar Gwari, wajajen 1925. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a wajen wata 'yar'uwar iyayenta, ta hanyar gargajiya: a ɗora yumɓu da hannu, a yi masa zanen ƙadangare, kunama, kifi da kada, sannan a gasa a fili. Ta gwanance har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a gidansa. A can ne Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su.

A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a Abuja ta wancan zamani, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Nan fa take. Matar da sarki ke sayen aikinta ta koma ɗaliba a gaban faifai mai juyawa, inda yumɓu ke zillewa daga hannun wanda bai saba ba. Ta koyi shafa ruwan ƙyalli, ta koyi gashi a rufaffen murhu mai tsananin zafi. Da wata ce, sai ta ce ita ta wuce nan. Ladi ba ta watsar da zanenta na gado ba, sai ta ɗora shi a kan sabon salon. A 1958 aka baje kolin aikinta a Landan, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta.

A Amurka ma an yi wata tsohuwa, Anna Mary Robertson, da duniya ta sani da Grandma Moses. Matar manomi ce, an haife ta a 1860, tana ɗinkin ado da zaren ulu har amosanin gaɓɓai ya hana yatsunta riƙe allura. Tana dab da shekara 80 ta koma zane da fenti, ba malami, ba makaranta. Gonaki take zanawa, da ƙanƙara, da rayuwar ƙauyen da ta tashi a ciki. A 1938 wani mai tara zane-zane, Louis Caldor, ya ga aikinta a tagar wani kantin magani a garin Hoosick Falls, ya saye duka. Kafin ta mutu a 1961 tana da shekara 101, ta yi zane fiye da 1,500.

Kada mai sauraro ya ɗauka cewa duk wanda ya fara zai yi suna. Akasari ba za su yi ba, kuma ita kanta tsohuwar ba suna ta fita nema ba, abin da zai ɗebe mata kewa take so. Daɗin yana cikin tambayar nan ta yara: in na haɗa wannan da wancan, me zai fito?

Saboda haka malam, ko hajiya, in akwai ɗinkin hula, ko saƙar tabarma, ko zayyana da kuka daɗe kuna sha'awa, ku nemi wanda ya iya a unguwarku, ko da sa'an ɗanku ne, ku ce ya nuna muku.