Sankarar Mama: Abin da Ya Kamata Kowace Mace Ta Sani

'Yan uwana mata, darasinmu na wannan zama a kan sankarar mama yake, wadda wasu ke kira dajin nono. Na san magana ce mai nauyin faɗa a cikin taro. Amma ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shirun da muke yi shi ne ke cinye mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kaɗai, mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da wannan cuta a duniya, kuma ta kashe kusan mutum 670,000. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata.

Mece ce ita?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna tsufa su mutu, sababbi su maye gurbinsu, komai bisa tsari. Sankara tana farawa ne idan wasu daga cikinsu suka ɓaci, suka yi ta hayayyafa babu tsayawa har su dunƙule su zama ƙullutu. A nono, yawanci abin yana somawa ne a cikin 'yan hanyoyin da ruwan nono ke bi, ko a wurin da ake yin ruwan.

Da farko ƙullutun yana zaune wuri ɗaya. In aka bar shi, sai ya miƙa zuwa kaluluwar hammata, daga nan ya shiga ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Ku ɗauke shi kamar ƙuduji a gonar gero. In kin tuge shi tun bai yi fure ba, kin huta. In kika bari ya zubar da iri, gonar gaba ɗaya ta shiga uku.

Ba a ɗaukar ta wurin cin abinci tare, ko wanka, ko jinya. Ba sammu ba ce, ba aikin kishiya ba ne, kuma ajiye kuɗi a rigar mama ba ya kawo ta. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan shekaru sun ja, musamman daga 40 zuwa sama, ko in uwa ko 'yar uwa ta jini ta taɓa yi, ko ƙiba mai yawa, shan giya da taba. Shayarwa tana rage haɗarin, amma ba ta kawar da shi. Kuma kusan rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna, illa dai mata ne kuma shekaru sun ɗan ja. Saboda haka kada wata ta ce, "Mu ba ma yin wannan a danginmu." Har maza ma sukan yi, ko da yake ba kasafai ba.

Alamomin da za ki lura da su

- Ƙullutu ko tauri a nono ko a hammata.
- Nono ɗaya ya canza girma ko siffa ba kamar yadda kika saba ba.
- Fata ta lotsa, ko ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo.
- Kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba.
- Jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono, ba ki kuwa shayarwa.
- Gyambo ko ƙurji a nono da ya ƙi warkewa.

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne, ƙullutun sankara galibi ba ya zafi da farko. Nan ne mata da yawa ke ruɗuwa, sai ki ji an ce, "Ai ba ya damuna." Kada ki jira zafi. Sannan ki kwantar da hankalinki, mafi yawan ƙullutun da ake samu a nono ba sankara ba ne. Sai dai hannunki ba zai iya bambancewa ba, sai gwajin asibiti.

Masu goyo, ku ma da ku nake. Nono kan kumbura ya yi ja da zazzaɓi lokacin shayarwa, kuma magani na warkar da shi. Amma in kin sha maganin kin gama, taurin na nan, ki koma a sake dubawa.

Yadda za ki duba kanki

Sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki da 'yan kwanaki, lokacin nono ya saki. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya, misali ranar zubin farko na kowane wata, don kada ta manta.

Ki tsaya gaban madubi ki duba, hannuwa a ƙasa, sannan ki ɗaga su sama. Sai ki kwanta rigingine, ki sa hannun dama a ƙarƙashin kai, ki shafa nonon dama da tafin yatsu uku na hannun hagu. Ki riƙa dannawa a hankali kina zagayawa, tun daga ƙashin wuya har ƙasan nono, har cikin hammata. Sai ki juya ɗaya ɓangaren. A wurin wanka ma ana yi, kumfar sabulu tana sa yatsu su yi santsi. Manufar ita ce ki san yadda jikinki yake, don in wani abu ya canza ki gane da wuri.

In kin ji wani abu fa?

Ki tafi asibiti mafi kusa cikin satin nan. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki. In ba a samu ba, ki shiga da 'yar rakiya, amma kada ki koma gida ba a duba ba. Za a iya tura ki ɗaukar hoton nono, sannan a sa allura a ɗebo ɗan abu daga ƙullutun a gwada. Wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a kammala duk binciken nan cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa. In an ba ki takardar zuwa babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato ko Maiduguri, kada ki ajiye ta a ƙasan akwati.

Na san ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Ba gaskiya ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, mace takan yi wata da watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ko a kai ta wurin wanzami a yi mata sakiya, sai ciwo ya ci jiki sannan a kai ta asibiti. In ta rasu sai a ce allura ce, alhali jinkirin ne ya kashe ta.

Magani ya danganta da inda cutar ta kai. Akwai tiyata, wani lokaci ƙullutun kawai ake cirewa, wani lokaci nonon duka. Akwai maganin da ake sawa ta jijiya, akwai gashi da na'ura, akwai ƙwayoyin da ake sha shekara 5 ko fiye. Maganin jijiyar kan kawo amai, kasala da zubewar gashin kai, amma gashin yana dawowa. Wadda ta fara, ta daure ta kai ƙarshe, don yankewa a tsakiya yana ba cutar damar dawowa. A ƙasashen da ake ganowa da wuri kuma ake samun magani, fiye da mata 9 cikin 10 suna nan da ransu shekara 5 bayan an gano cutar.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

Sau da yawa kuɗin mota da tsoron abin da maigida zai ce su ne ke zaunar da mace a gida. To, a nan ne zamanmu tare zai yi rana. Ku tattauna ku amince cewa asusun taimakon juna zai riƙa biyan kuɗin mota da na gwajin farko ga duk wadda ta ji ƙullutu. Ku zaɓi mace ɗaya mai riƙe sirri wadda za a iya gaya wa, ta kuma yi rakiya. In ana buƙatar a yi wa maigida bayani, a samu babbar mace da yake jin nauyinta ta je. Wadda aka yi wa aiki kuma, kada a guje ta, kada a yi da ita, a ci gaba da cin abinci tare da ita kamar da.

Kafin a tashi, kowace ta faɗi ranar da ta zaɓa ta duba kanta, sakatariya ta rubuta. A zama na gaba a tambayi juna, "Kin duba?"