Zama da Abokin Gaba: Rubuce-rubucen Jonathan Powell a Ma'aunin Sulhun Kaduna

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu ɗauko ra'ayoyin wani masanin sasantawa daga ƙasar waje, mu auna su da abin da ya gudana a birnin nan namu na Kaduna. Mutumin kuwa shi ne Jonathan Powell, shugaban ma'aikatan ofishin Firayim Ministan Birtaniya Tony Blair daga 1997 zuwa 2007, wanda ya jagoranci tattaunawar gwamnatinsa a kan rikicin Ailan ta Arewa. Bayan ya bar aiki ya wallafa littattafai biyu a kan wannan fanni: Great Hatred, Little Room a 2008, da kuma Talking to Terrorists a 2014, watau zantawa da 'yan ta'adda. A ƙarshen 2024 aka naɗa shi mai bai wa gwamnatin Birtaniya shawara a kan tsaro.

Jigon bayaninsa guda biyu ne. Na farko, kusan kowace gwamnati takan rantse ba za ta zauna da masu ɗauke da makami ba, daga baya kuma ta zauna, bayan an yi asarar rayukan da da an tsirar. Na biyu, sa hannu a takarda mafarin aiki ne kawai. Hujjarsa a fili take: an ƙulla Yarjejeniyar Belfast ran 10 ga Afrilu 1998, amma ƙungiyar IRA ba ta gama ajiye makamanta ba sai 2005, sa'an nan sai a watan Mayun 2007 Ian Paisley da Martin McGuinness suka kafa gwamnati tare. Shekara tara ke nan ana lallami.

To, mu dawo gida. Bayan tarzomar Fabrairu da Mayun 2000 a kan batun Shari'a, malaman Musulunci da na Kirista su 22 suka sa hannu a Sanarwar Zaman Lafiya ta Kaduna ran 22 ga Agusta 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi. Wata uku kacal bayan haka, a Nuwamba, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke, aka kashe mutum fiye da 200. Wannan ya gaskata batun Powell na biyu. Amma a ganinmu akwai wani bambanci wanda mai karanta littattafansa a nan bai kamata ya tsallake ba. Waɗanda Powell ya zauna da su, irin su Gerry Adams da McGuinness, mutane ne da maganarsu ke isa ga masu riƙe da bindiga. Malaman da suka sa hannu a Kaduna kuwa suna da mumbari, suna da girma a idon jama'a, amma matashin da ya fito da gora da galan ɗin fetur ba a ƙarƙashin umarninsu yake ba. Alkawarin wanda ba shi ne ke riƙe da wuƙa ba bai isa ya mayar da ita kube ba.

Saboda haka ne muke ganin misalin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ya fi kusa da abin da Powell yake nufi. Su biyun sun jagoranci matasa masu gaba da juna. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Da aka haɗa su a 1995, sun daɗe suna yi wa juna kallon hadarin kaji kafin amana ta samu, har suka kafa cibiyar sasantawa tsakanin addinai, wadda ta yi ruwa da tsaki wajen sanarwar 2002. Matasa sun saurare su ne domin sun san ba tsoro ya sa suka ajiye makami ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu game da lafawar da birnin ya samu daga baya. Wani ɓangarenta aikin hukuma ne, kamar sababbin masarautun da Maƙarfi ya ƙirƙiro a kudancin jihar, da tsarin kotuna na 2001 wanda ya tanadi kotun Shari'a da ta gargajiya. Wani ɓangaren kuwa ƙaura ce ta haifar da shi. Musulmi sun tattaru a arewacin kogi, a Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sarki, Kiristoci kuma suka nufi Sabon Tasha da Narayi da Television. Mu da muke koyarwa mun sha ganin ɗalibin da ya girma bai taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A Belfast katanga aka gina tsakanin unguwanni. Mu a nan kogi ya hutar da mu ginin. Wannan rabuwa ce, ba sulhu ba, tarzomar bayan zaɓen 2011 kuwa ta nuna raunin abin.

Batun Powell na farko ya taso mana a Birnin Gwari. Gwamna Nasir El-Rufa'i ya tsaya a kan cewa ba zai yi ciniki da 'yan bindiga ba. Wanda ya gaje shi, Uba Sani, ya karɓi waɗanda suka ce sun tuba a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanun garin. Amma dabar daji ba IRA ba ce: babu shugaba ɗaya, babu manufar siyasa da za a ɗora a tebur, kuma amanar da aka ƙulla da wannan daba ba ta ɗaure waccan. Akwai kuma haƙƙin waɗanda aka zalunta. A Ailan ta Arewa an saki fursunoni cikin shekara biyu da yarjejeniya, iyalan mamata suka haɗiye baƙin cikinsu. A al'adarmu da fiƙihunmu kuwa sulhu yana tafe ne da amsa laifi da biyan diyya, ko yafewar mai haƙƙi da bakinsa. Rahoton Human Rights Watch na 2003 ya koka da rashin hukunta masu kisan Kaduna. Manomin Birnin Gwari da ya sayar da gonarsa don ya fanso ɗansa yana da ikon ya tambayi inda aka ajiye masa kujera a wurin zaman.