Sabon Ɗalibi, Kada "An Ce" Ta Kai Ka Ta Baro

Duk shekara idan jami'o'inmu suka ɗebi sababbin ɗalibai, hukuma takan ware 'yan kwanaki domin taron wayar da kai. Shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai zai yi jawabi, babban jami'in laburare zai yi, likitan asibitin makaranta da shugaban masu tsaro su ma kowa zai tofa albarkacin bakinsa. Sai dai waɗanda aka shirya taron dominsu, da yawansu ba sa cikin zauren. Wani yana layi a kafe yana jiran intanet ta dawo ya fitar da takardar biyan kuɗi, wata tana can tana fafutukar samun gadon kwana, wani kuwa ɗan garinsu da ke aji uku ya riga ya ce masa, "Rabu da su, surutu ne kawai." Daga ranar nan yaro ya fara rayuwa a kan "an ce". An ce malam wane ba ya ba da A. An ce aji ɗaya share fage ne, ba ya shiga lissafin ƙarshe. An ce idan ka faɗi kwas ka maimaita, tsohon sakamakon ya goge. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma fa ba su ce kowa ake tambaya ba.

Abu na farko da ke ruɗa wanda ya fito daga sakandare shi ne rashin mai bin sa. Babu ƙararrawa, babu firfet, babu mai zuwa ɗaki da bulala ya tashe ka. Ga kuma girman wurin. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, babbar harabarta tana Samaru, masu karatun shari'a da harkokin mulki suna Kongo, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Jami'ar Bayero tana da tsohuwar haraba a gefen ganuwar Kano da sabuwa a kan titin Gwarzo, kuma akwai ɗalibin da yake kwana a ɗaya yana ɗaukar lakca a ɗayar. Wanda bai san lokacin da tafiya ke ci tsakanin ɗakinsa da zauren lakca ba, zai riƙa isa bayan an cika kujerun gaba, ya tsaya ta taga yana jin rabin magana. Yini guda da sabon ɗalibi zai ɓatar yana zagaya makaranta da ƙafa, ya ga ofishin sashensu, ya ga zaurukan da ke cikin jadawalinsa, ya san inda asibiti yake tun bai yi zazzaɓi ba, ya fi masa amfani da yinin da zai yi a bakin shagon mai shayi yana sauraron tarihin malamai.

Yanzu bari mu zauna a kan lissafin sakamako, domin nan ne "an ce" ta fi yin ɓarna. A yawancin jami'o'in Najeriya, wanda ya ci maki 70 zuwa sama ya sami A, kuma A tana da lamba 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, lamba 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, lamba 3. Daga 45 zuwa 49 D ce, lamba 2. Daga 40 zuwa 44 E ce, lamba 1, a inda ake amfani da ita. Ƙasa da haka F ce, ba ta da komai. Kowane kwas kuma yana da nauyinsa da ake kira yunit: wani ɗaya, wani biyu, wani uku. Ana ninka lambar da ka samu da nauyin kwas ɗin, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi rajista. Abin da ya fito shi ne matsayinka a wannan zango, idan aka haɗa da na zangunan baya kuma shi ne abin da kowa ke kira CGPA. A tsarin da aka fi bi, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, daraja ta biyu babba daga 3.50, ƙaramar daga 2.40, ta uku kuma daga 1.50.

Ɗauki misalin ɗalibin da karatunsa na shekara huɗu ne, yana yin yunit 40 kowace shekara, jimilla 160. A ce shekarar farko ta tafi a yawon sanin gari, ya tashi da 2.00. Lambobinsa 80 ke nan. Idan yana son fita da 3.50, sai ya tara 560, wato saura 480 a cikin yunit 120 da suka rage masa. Ma'ana, sai ya riƙe matsakaicin B a kowane kwas tsawon shekara uku, alhali darussan suna ƙara tsauri ne. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta wuce shi tun yana aji ɗaya: ko da zai ci A a komai daga nan har ƙarshe, 4.25 ce iyakarsa. Abin takaicin shi ne kwasa-kwasan shekarar farko su ne mafiya sauƙi, da yawansu ɗori ne a kan abin da aka yi a sakandare, a nan ne ya kamata a tara abin da za a ci gaba da tatsa. Batun maimaita kwas kuma, a galibin jami'o'i F ɗin farko tana nan daram cikin lissafi ko bayan ka dawo ka ci, sannan kari-oba, wato kwas ɗin da kake maimaitawa, tana cinye gurbin wani kwas na sabuwar shekara, ta jefa ka ajin ƙannenka a lokacin da wataƙila ya yi karo da lakcar ajinku. Haka ake wayar gari mutum ya ƙara shekara.

Akwai kuma raina kwasa-kwasan gama-gari, irin su amfani da Turanci da sanin al'ummomin Najeriya da koyon sana'a. Ɗan injiniya yana ganin ba su shafe shi ba. Sun shafe shi, domin babu mai karɓar digiri bai ci su ba, kuma yunit ɗinsu ana ninka shi kamar na kowane kwas. Haka tes da aikin gida, waɗanda kan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin ɗari na makin kwas. Wanda ya tsallake su ya shiga jarrabawa da gurguwar ƙafa. Dokar yawancin jami'o'i ma ta ce sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Wani malamin ba ya dubawa, wani kuwa yana da takardar sa hannu a kowace lakca, kuma ba za ka san wanne ne ba sai ranar da abin ya faru.

Duk waɗannan ƙa'idoji a rubuce suke cikin ɗan littafin jagorar ɗalibi da ake rabawa ko ake ɗorawa a shafin jami'a. Shi ne hujja idan gardama ta tashi. Bayansa kuma akwai mutum guda da ya kamata kowane sabon ɗalibi ya san ofishinsa a makon farko: malamin da sashe ya ɗora wa kula da ajinku, wanda wasu jami'o'i ke kira kodineta. Shi ke sa hannu a fom ɗin rajistar kwasa-kwasai, shi ya san kwas ɗin dole da na zaɓi, da wanda ba a yin sa sai an ci wani kafinsa, da mafi ƙaranci da mafi yawan yunit da aka yarda a ɗauka a zango. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja a ƙarshen 2022, wadda ta tsayar da kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a 30. Lambobin kwasa-kwasai da sunayensu sun sauya a wurare da dama, don haka tsohon fom ɗin yayanka da ya gama shekarun baya ba abin kwafa ba ne. Kada kuma ka miƙa wa mai kafe lambar sirrinka ya cike maka kwasa-kwasai kana waje kana waya. Kwas ɗin da ba ka yi rajistarsa ba, ko ka zauna jarrabawarsa ba a lissafa maka, wanda aka cusa maka bisa kuskure kuma ba ka zauna ba, F ce ke jiran ka. Duk takardar da aka sa wa hannu ka yi mata hoto biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a gida. Ka tabbatar kuma ka karɓi gurbinka a shafin JAMB, sunanka da ranar haihuwarka sun zo daidai a ko'ina, domin ƙaramin saɓanin da aka ƙyale a aji ɗaya shi ke tsayar da mutum a lokacin tafiya hidimar ƙasa.

Ɗauko rasit ɗin kuɗin rajistarka ka karanta shi layi-layi. Za ka tarar da kuɗin laburare, da na asibiti, da na wasanni, da na intanet, da na katin shaida. Mahaifinka ya sayar da buhunan masara, ko mahaifiyarka ta kwashi adashi, an biya waɗannan duka. Amma sai ka ga ɗalibi yana sayen magani a kemis da kuɗin abincinsa, saboda bai je asibitin makaranta ya buɗe kati ba. Mai ciwon sikila ko asma ko gyambon ciki, shi ya fi kowa buƙatar likitan makaranta ya san da shi tun da wuri. Idan rashin lafiya ta hana ka jarrabawa, takardar da hukuma za ta saurara ita ce wadda asibitin jami'a ya bayar ko ya tabbatar, kuma a kan lokaci.

Laburare kuwa an mayar da shi wurin neman fanka da cajin waya a makon jarrabawa. Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, da na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, da na Ramat a Maiduguri, ba ɗakunan kujeru ba ne kawai. Akwai sashen littattafan da ake ara a tafi da su, akwai na waɗanda ake karantawa a nan take saboda yawan masu nema, akwai na mujallun bincike da kundayen digiri na waɗanda suka gabata, akwai kuma ɓangaren kwamfuta inda ake shiga rumbunan littattafai na intanet da jami'a ta biya, waɗanda daga waje sai ka ga an ce sai ka saka dala. Ma'aikacin da ke zaune a teburin tambaya aikinsa ke nan, ka faɗa masa sunan kwas ya nuna maka kanta. Ni ina ganin dogaro da takardun lakca kaɗai shi ke sa ɗalibi ya iya haddace shafi ya kasa amsa tambayar da aka ɗan juya. Manhajojin waya masu rubuta wa mutum amsa sun zo sun ƙara wa abin gishiri: suna da amfani wajen warware abin da ya shige duhu, amma ba sa shiga zauren jarrabawa tare da kai.

Wani abin da ba a cika faɗa a fili ba shi ne Turanci. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye, ya fahimci lissafin sarai, amma tsoron kada a yi masa dariya ya hana shi ɗaga hannu. Kunya tarbiyya ce a gida, kuma muna alfahari da ita, amma a gaban malamin da ya ce "akwai mai tambaya?" asara ce. Idan zauren ya yi maka girma, bi malamin ofis a lokacin da ya ware, ko ka shiga tutoriyal ɗin da ƙungiyoyin sashe da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta Kirista suke shiryawa kyauta. Ka samu mutum uku ko huɗu ku riƙa bitar tambayoyin shekarun baya. Idan suka wuce haka hira ce.

Ta fuskar kuɗi, tun 2024 akwai asusun bashin karatu na NELFUND, marar ruwa, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ba a fara biyansa sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Bashi ne dai, a yi shawara da iyaye kafin a ci. Jihohi kuma suna da hukumomin tallafin karatu, kuma sanarwarsu takan biyo ta ofishin harkokin ɗalibai da ƙungiyoyin ɗaliban jiha.

Ke kuma ƙanwata, ki sani babu malami ko ma'aikacin da yake da ikon ɗaure makinki da wata buƙata tasa. Idan aka fara, ki adana saƙonnin, ki gaya wa wata babba da kika amince da ita, ki kai maganar sashen ba da shawara ko ofishin harkokin ɗalibai. Ana hukunta irin wannan: a 2018 wata kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure wani farfesa shekara biyu a kan neman lalata da ɗalibarsa domin maki.

Zangon karatu gajere ne, kuma yakan ƙara tsukewa idan an dawo daga yajin aiki, kamar na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 da ya ɗauki wata takwas, inda aka dawo ana tsere da kalanda. Wanda ya bari sai an kafe jadawalin jarrabawa sannan ya fara kwana a aji, shi ne shaiɗan ke raya wa ya shiga da 'yar takarda a safa ko rubutu a tafin hannu. Waya a aljihu ma, ko a kashe take, ta isa a rubuta maka fom ɗin satar amsa, kuma hukuncin yakan kai ga kora ko da kana ajin ƙarshe.

Idan an kafe sakamako, nemo lambarka ka bi kwas-kwas ka gwada da fom ɗin rajistarka, ka kuma yi lissafin da kanka. Ana samun kuskure: a ce ba ka zauna ba alhali ka zauna, ko makin tes ya faɗi a hanya. Idan ka ga haka, rubuta takardar koke zuwa ga shugaban sashe ta hannun jami'in jarrabawa, ka haɗa da katin jarrabawarka da hoton fom, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Yi shi a wannan makon, tun takardun amsa suna kusa kuma malamin yana ofis, domin da zarar majalisar dattawan jami'a ta amince da sakamako, gyaransa sai ya sake bi ta sashe da tsangaya kafin ya koma gabanta.