Hayar gidaje ta 'yan kwanaki: Wa zai biya kuɗin aiwatar da doka?

Tun bayan da manhajoji irin su Airbnb suka bazu, masu gidaje a manyan biranen duniya suka gano cewa bai wa baƙo hayar kwana uku ya fi kawo riba a kan bai wa magidanci hayar shekara.

Sakamakon haka gidajen zama suka yi ƙaranci, mazauna unguwanni kuma suka riƙa kokawa da hayaniyar baƙi. Birane da dama sun kafa dokoki, sai dai sun tarar cewa kafa doka ba ta da tsada kamar aiwatar da ita.

Inda kuɗin ke tafiya

Mai tallata gida a intanet ba ya bayyana cikakken adireshi sai bayan an kama ɗaki. Don haka sai jami'i ya bi hotuna ya gano ginin, ya je wurin, ya tattara hujja, sannan lauyoyi su kare hukuncin idan mai gida ya ɗaukaka ƙara. Kowane mataki albashi ne.

Landan misali ce. Wata doka ta 2015 ta taƙaita irin wannan haya ga kwana 90 a shekara, amma ba ta zo da rajistar masu gidaje ba. Ƙananan hukumomin birnin ne aka bar wa aikin ƙirga kwanakin daga ɗan kasafinsu. Airbnb ya fara rufe tallan da ya cika kwana 90 tun 2017, sai dai mai gida na iya komawa wata manhaja ya ci gaba.

Tara ko kuɗin lasisi?

Barcelona ta zaɓi ɗaukar ma'aikata da cin tara. A 2016 ta ci Airbnb tarar yuro 600,000 saboda tallata gidajen da ba su da lasisi, a 2017 kuma ta ninka masu sa ido daga 20 zuwa 40.

Amma tara ba kuɗin da za a gina kasafi a kansa ba ne. Shari'a na iya jan lokaci kafin a biya, kuma idan mutane suka daina karya doka, kuɗin ya daina shigowa alhali albashi na nan.

Scotland ta bi wata hanyar: daga Oktoban 2023 dole duk mai wannan sana'a ya nemi lasisi, kuma kowace ƙaramar hukuma ce ke yanke kuɗinsa gwargwadon abin da tsarin ke ci. Ƙorafin masu gidaje shi ne, mai bin doka ne ke biya, wanda ya ɓuya kuwa ko sisi ba ya bayarwa.

Dabarar New York

Birnin New York na Amurka ya ɗora wani ɓangare na nauyin a kan kamfanonin da kansu. Dokar da ta fara aiki ranar 5 ga Satumban 2023 ta ce duk mai bayar da haya ta ƙasa da kwana 30 sai ya yi rajista da dala 145, ya kasance yana cikin gidan, baƙi kuma kada su wuce biyu.

Muhimmin sashen shi ne, an haramta wa manhajoji karɓar kuɗi a madadin gidan da ba shi da rajista. Mai gida na iya fuskantar tarar da ta kai dala 5,000. Airbnb ya garzaya kotu, amma aka yi watsi da ƙarar.

Tallace-tallacen sun faɗo daga sama da 20,000 zuwa 'yan dubbai, ba tare da jami'ai sun bi ƙofa-ƙofa ba.

Duk da haka, ƙarancin ma'aikata ya bayyana. Daf da fara aiki da dokar, mutum sama da 3,000 sun nemi rajista, amma waɗanda aka amince wa ba su kai 300 ba. Wasu masu gidaje kuma sun koma talla a Facebook, inda sa ido ya fi wuya. Airbnb na cewa kuɗin haya bai sauko ba, otal-otal ne kawai suka amfana.

Abin da ke tafe

Tarayyar Turai ta amince da wata doka a 2024 da ke tilasta wa manhajojin miƙa bayanan gidaje ga hukumomi, daga watan Mayun 2026. Hakan zai rage wahalar neman adireshi, amma sai an samu masu karanta bayanan da masu zuwa ƙwanƙwasa ƙofa.

Babban gwaji yana Barcelona. A Yunin 2024 magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar da cewa lasisin gidaje sama da 10,000 zai ƙare a Nuwamban 2028, domin su koma hannun mazauna. Ko za su koma ɗin, ko kuwa za su ci gaba da karɓar baƙi a ɓoye, ya danganta ne da yawan masu sa idon da birnin zai iya biya.