Tsohuwar Mota Da Zafin Bazara: Me Ke Hana Ta Tashi?

Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40 a ƙasar Kano, masu bin hanyar Gwarzo sun saba ganin wani abu. Mota ta taso lafiya lau da asuba, ta tsaya sauke fasinja a Rimin Gado ko a ƙasar Kabo, sai ta ƙi tashi ƙememe. Galibi tsofaffin motoci ne masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna wadda aka buɗe a 1975. Abin ba na wasa ba ne, domin wata rana mai naƙuda ce a ciki za a kai asibiti.

Muna so masu karatu su gane cewa sau da yawa batir ba shi da laifi. Da an kashe inji, fanka da ruwan lagireto sukan tsaya, zafi kuwa ya ƙaru a ƙarƙashin murfin inji har wajen minti 15. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, amma wani sashe na fetur tun wajen digiri 40 yake fara zama tururi. To, hanci da kunne za su nuna inda cutar take.

Na farko, idan inji yana juyawa sosai, kuma ana jin warin fetur, mai ne ya tafasa cikin kafireto ya malala, ya yi wa iska yawa. Sai a taka totur har ƙasa, a riƙe shi nan, kada a yi ta bugunsa, sa'an nan a murɗa makulli.

Na biyu, idan ba wari, ko kuwa ta tashi ta sake mutuwa, tururi ne ya cika bututu, famfon mai kuwa ba ya iya tura tururi. A ɗaga murfi, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma kan famfon da bututun, a dakata kaɗan.

Na uku, idan mai yana zuwa amma fulogi ba wuta, a duba koyil. Tsohon koyil yakan yi aiki da sanyi, ya kasa da zafi. Maganinsa sabo.

Na huɗu, idan inji yana juyawa da ƙyar kamar mai jin barci, a kankare kan batir, a ɗaure wayoyin tamau, musamman wadda ta kama jikin mota. In bai yi ba, makaniki ya duba sitata kafin a yi hasarar kuɗi wajen sabon batir.

Abu biyu muke gargaɗi a kansu. Kada a tsiyaya fetur a bakin kafireto inji na da zafi, gobara ke nan. Kada kuma a buɗe murfin lagireto nan take, tafasasshen ruwa zai watso wa mutum a fuska.

Rigakafi dai ya fi magani. Kafin bazara a wanke lagireto, a duba fambel, a nesanta bututun mai daga bututun hayaƙi. In za a tsaya a tashar Gwarzo, a nemi inuwar dalbejiya, a bar inji ya ɗan yi aiki a hankali kafin a kashe. Allah ya kiyaye hanya, amin.