Tsoffin kuɗi: Me ya sa samun lafiyayye ke da wuya?

A gidaje da dama a Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin jihar Zamfara, ba a rasa wani gwangwani ko kumbo da aka adana anini da kwabo mai huji da sisi da sule, waɗanda aka gada daga kakanni.

Masu su kan ɗauka cewa tsufan kuɗin ne darajarsa. Sai dai a kasuwar masu tara tsoffin kuɗi ta duniya, lafiyar kwabo ita ce ke yanka masa farashi.

Kamfanoni irin su NGC da PCGS da PMG ne ke duba kuɗin su ba shi maki daga 1 zuwa 70, bisa ma'aunin da wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949. Kwabon da ya taɓa yawo a hannun jama'a ba ya kai maki 60.

Irin wannan awo ake yi wa katunan 'yan wasan besbol a Amurka. A watan Agustan 2022 an sayar da wani kati na 1952 mai hoton Mickey Mantle a kan dala miliyan 12.6, saboda ya sami maki 9.5 cikin 10. Irinsa da ya lanƙwashe ya koɗe ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan farashi.

Anini da kwabo

Matsalar kuɗin ƙasar Hausa ta faro ne tun daga ƙira. Aninin farko da Turawan mulkin mallaka suka kawo a 1907 da alminiyam aka yi shi, ya kuma kasa jure yanayin ƙasar, har aka sauya ƙarfen a 1908.

Hujin da ke tsakiyar kwabo ya sa ana shirya shi a zare, suna gugar juna har rubutun ya shafe. Wasu an binne su cikin tukunya laima ta ci su, wasu kuma mata sun mayar da su kayan ado.

Na takarda ya fi shan wuya. An sauya takardun kuɗin Najeriya a 1959, da 1968 lokacin yaƙin basasa, da 1973 sa'ad da naira ta maye gurbin fam. A watan Afrilun 1984 kuwa, wa'adin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta bayar na canji bai cika mako biyu ba.

A kowane karo, wanda ke da kuɗi banki ya kai su. Abin da ya rage galibi wanda aka manta ne a lalita ko ƙarƙashin shimfiɗa, an ninke shi huɗu, gara ta taɓa gefensa.

Ambaliyar da ta rushe gidaje a Gummi a watan Agustan 2024, da gudun hijirar da hare-haren 'yan bindiga suka haddasa a yankin, sun ƙara rage abin da ya saura. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman gwangwanin kakarsa.

Gyaran da ke ɓatawa

Babbar asarar ma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Da yawa kan goge kwabo da toka ko lemun tsami domin ya yi ƙyalli kafin su nuna wa mai saye. Masu duba kan gane hakan nan take, su rubuta cewa an goge shi, su hana shi maki. Takardar da aka bi da dutsen guga ita ma darajarta faɗuwa take yi.

Ko labari mai daɗi ba ya wadatarwa. Kwabon 1936 na ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas na Ingila, wanda ya yi murabus bai shekara a kan gado ba. Amma miliyoyi aka buga, don haka wanda ya goge ba zai biya ko kuɗin aika shi Amurka ko Turai a duba ba.